WA YA DANNE KI CIKIN DARE?

 Allah Ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, Ya kare mu daga sharrin abin da muke gani da wanda ba ma gani, amin.

Duk inda mata suka taru, gidan biki ne ko gidan suna ko wajen kitso, in hira ta yi nisa sai an zo kan maganar fatalwa. Wannan ta ce a unguwarsu akwai gidan da ba a iya kwana a cikinsa. Waccan ta ce ita da idonta ta ga mutum cikin farin likkafani a bakin zaure. Wata kuma ta rage murya ta ce tun da maigidanta ya rasu, kullum bayan isha'i sai ta ji takunsa a tsakar gida. A nan sai zama ya rabu biyu. Masu cewa “A'uzubillahi, wallahi akwai!” suna gefe guda, 'yan boko masu taɓe baki suna cewa “camfi ne kawai” suna ɗaya gefen. A tashi kowa da abin da ta zo da shi, ita kuwa mai jin takun ta koma ɗakinta da tsoronta, ba wanda ya rage mata komai.

Abin da nake so mu duba yau shi ne, idan 'yar uwarki ta zo jikinta na rawa ta ce ta ga wani abu cikin dare, wane haƙƙi take da shi a kanki? Ki gaskata ta, ko ki yi mata dariya? Ni a ganina akwai abu biyu a cikin maganarta, kuma raba su shi ne hankali. Akwai abin da ta ji a jikinta, wannan gaskiya ne, ba ƙarya take ba. Akwai kuma sunan da ta raɗa wa abin, wato fatalwa ko aljani ko mayya. Wannan sunan shi ne abin bincike, domin a kansa ake rasa rai, a kansa kuma ake zaluntar bayin Allah.

Mu fara da addini, don kada wata ta ce an zo a raba ta da imaninta. Aljanu halittar Allah ne, akwai ma sura guda a Alƙur'ani mai sunansu, ba mai jayayya da wannan. Amma fatalwa, wato wai mamaci ya baro kabarinsa yana yawo a lungu yana tsorata mutane, wannan ba koyarwar Musulunci ba ce. Malamai sun karantar da mu cewa wanda ya mutu yana barzahu har tashin ƙiyama, ba ya dawowa duniya neman canjin kuɗinsa ko leƙen matarsa. Ki tuna kuma ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu a Madina, aka yi kusufin rana. Mutane suka ɗauka saboda mutuwar yaron ne. Annabi da kansa, yana cikin zafin rashin ɗa, ya gyara musu wannan fahimta, ya nuna musu rana da wata ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Kin ga ke nan neman ainihin dalilin abu ba raunin imani ba ne.

To mu zo kan dannau, wanda da wuya a ce ba ki taɓa ji ba. Kina kwance, kin farka, idonki biyu, kina ganin silin da labule, amma ko yatsa ba kya iya ɗagawa. Ki buɗe baki ki kira Baban Abba, murya ta ƙi fita. Ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora miki turmi, wani lokaci har ki ga wani baƙin abu tsaye a bakin ƙofa. Masu binciken barci sun daɗe da gano yadda abin yake. A shekarar 1953 wasu masana biyu a Jami'ar Chicago ta Amurka, Aserinsky da Kleitman, suka gano cewa barci yana da wani mataki da ido ke ta motsi a ƙarƙashin fatarsa, kuma a nan aka fi yin mafarki. Daga baya aka gane cewa a wannan matakin ƙwaƙwalwa tana kulle gaɓoɓin jiki. Rahama ce daga Allah, don da ba haka ba, mai mafarkin gudu sai ta tashi ta yi karo da bango. To wani lokaci hankali yakan riga jiki farkawa. Ke kin tashi, jiki yana kulle tukuna, ragowar mafarki kuma na zuba a cikin ɗakin da kike gani da ido. Shi ke nan dannau. Daƙiƙoƙi ne ko 'yan mintoci, sai ya sake ki.

A 2011 wasu masana suka tattara bincike da yawa da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka samu kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa gamuwa da shi, a cikin ɗalibai kuwa sun kai 28 cikin 100. Abin da ya fi jawo shi ƙarancin barci ne, da damuwa, da kwanciya rigingine. Ki duba mai goyo da ba ta samun barcin kirki, ko amaryar da aka kai baƙon gida, ko matar da ke kwana da tunanin kuɗin cefane, ai su ne abin ya fi kamawa. Wani abin lura shi ne kowace al'umma da sunan da ta ba shi. Mutanen Sin suna cewa fatalwa ce ta danne gado. A Masar da yawa suna cewa aljani ne. A tsibirin Newfoundland na Kanada sukan ce wata tsohuwa ce ke hawa ƙirjin mutum. Ciwo ɗaya, jiki ɗaya, amma kowa abin da aka tsorata shi da shi tun yana yaro shi yake gani a bakin ƙofa.

Sai kuma mai takaba. A nan ina roƙon mu tausasa harshe. Macen da ta yi shekara ashirin tana jin tarin mutum da jan takalminsa da yadda yake turo ƙofa, kunnenta ba zai daina sauraronsa a wata huɗu da kwana goma ba. Wani likita a yankin Wales na Birtaniya, Dokta Dewi Rees, ya zauna da mutum 293 maza da mata waɗanda abokan zamansu suka rasu, ya buga sakamakon a 1971. Kusan rabinsu sun ce sun ji kamar mamacin yana kusa da su, wasu sun ji muryarsa, wasu har sun gan shi. Da yawa ba su taɓa faɗa wa kowa ba don gudun a ce sun zare, alhali akasarinsu sun ce abin yana sanyaya musu rai. Don haka in gwaggonki mai takaba ta ce ta ji Malam ya yi gyaran murya, kada ki ce ta haukace, kada kuma ki ce fatalwarsa ce ta zo ɗaukarta. Sabo ne, wanda Bahaushe ya kira turken wawa, zuciya ce ke neman abin da ta rasa. Ki zauna kusa da ita, ku yi masa addu'a tare.

Mukan ce gani ya kori ji, to amma shi ma ganin yana da nasa kuskuren. Ba Turawa ne suka fara faɗin haka ba. Ibn Haisam, malamin nan haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, a littafinsa na ilimin gani ya ware babban sashe a kan yadda ido ke ruɗar mai shi idan haske ya yi ƙaranci ko abu ya yi nisa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam gwanar neman fuska ce. An ɗauke wuta, hijabi na rataye a ƙusa, iska ta kaɗa shi, kafin ki laluba tocila zuciya ta riga ta gama zana mutum. Kama da wane kuwa ba wane ba ne. Haka kwanon rufi, ya sha rana ya buɗe, dare ya yi sanyi ya tsuke, sai ki ji ƙas, ƙas, kamar ana tafiya a kai. Ga ɓera a silin, ga mage a kan katanga. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, balle wadda ta kwanta bayan ta gama kallon fim ɗin matattu a waya.

Duk waɗannan da na lissafa ba sa kisa. Yanzu ga mai kisan, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. A 1921 wani likitan ido a Amurka, Dokta William Wilmer, ya buga labarin wata mata da ta tare da iyalinta a wani tsohon gida a 1912. Ba su daɗe ba suka fara jin takun mutane cikin dare. Yara suka yi fari fat, ba kuzari, kowa na fama da ciwon kai, shuke-shuken cikin gida suka bushe. Ana jin kamar an danne mutum a gado, ana ganin baƙin mutane zaune a ƙarshen gadon. Da a ce nan ne, da tuni an ce gidan yana da masu shi. Ɗan uwan mijin ne ya ce anya ba guba kuke shaƙa ba? Da aka duba, ashe murhun ɗumama gida ne ya lalace, hayaƙinsa yana komawa ɗakuna maimakon ya fita waje. Da aka magance wannan, fatalwa ta ɓace.

Sunan gubar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta sau fiye da 200 a kan iskar da muke rayuwa da ita. Tana fita daga janareta, da gawayin da ke ci a kasko ko kurfoti, da duk wutar da ke ci a rufaffen wuri. Ki tuna yadda muke yi da hunturu, a kawo garwashi ɗaka, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Ki tuna yadda ake shigo da janareta cikin falo ko ƙarƙashin bene don tsoron ɓarayi. Sau nawa muka ji a rediyo an wayi gari an tarar da iyali guda duk sun mutu ba rauni ba jini, gari ya ɗauka ai jifa aka yi musu? Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ruɗewa, wani lokaci da gane-gane. Babbar shaida ita ce duk 'yan ɗakin abin ya kama lokaci guda, in an fita waje kuma a ji sauƙi. In kin ga haka, 'yar uwa, kada ki tsaya kunna turaren korar aljanu, hayaƙi ne kike ƙarawa a kan hayaƙi. Buɗe ƙofa da taga, fitar da yara, a kashe injin, a tafi asibiti. Janareta wurinsa waje, nesa da ƙofa da taga kamar ƙafa 20. Garwashi kuwa a fitar da shi kafin a kwanta. Dama Annabi (SAW) ya yi umarni a kashe wuta in za a yi barci, kin ga addini da likita bakinsu ɗaya.

Haka nan mai jego. A cikin haihuwa 1000 akan samu mace 1 ko 2 da ke gamuwa da wata larurar ƙwaƙwalwa, galibi a makonni biyun farko. Barci ya ƙaurace mata, ta riƙa jin muryoyi, ta ce ga marigayiya kakarta tana kiranta, wani lokaci ta ƙi jaririn. Ciwo ne mai magani a asibiti, kuma ana warkewa, amma na gaggawa ne, don tana iya cutar da kanta ko ɗan. Mu kuwa sai mu ce ta yi gamo, a kulle ta a ɗaka, a yi ta banka mata hayaƙi har abin ya yi nisa. Mai farfaɗiya ma haka, ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗaukarsa ta yawu, amma a guje ta kamar ta zo da annoba. Yaron da zazzaɓi ya yi wa zafi yana sambatu yana nuna bango, maganin zazzaɓi yake buƙata da sauri. A yi tofi, a yi addu'a, ba mai hanawa, amma a yi a kan hanyar asibiti.

Yanzu mu zo inda abin ya fi muni. Tsoro ba ya son zama ba suna, kuma sunan da ya fi sauƙin kamawa shi ne na wanda dama ba ma so. Mace ta yi dannau, ta ga inuwa, gari na wayewa inuwar ta zama fuskar kishiya, ko uwar miji, ko tsohuwar nan ta ƙarshen layi da ba ta da kowa. Wannan ba a kanmu aka fara ba. A garin Salem na Amurka a 1692, an zargi mutum fiye da 200 da maita, aka rataye 19, 14 daga cikinsu mata. Kotu ta karɓi shaidar masu cewa kurwar wance ta zo musu cikin dare. Wadda aka fara ratayewa, Bridget Bishop, akwai mazan da suka rantse cewa ta shigo musu ɗaki da daddare ta danne su sun kasa motsi. Ki sake karanta wannan, ai dannau ne suke bayani, amma aka kashe mace a kansa. Bayan shekara biyar, a 1697, ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya nemi gafara a gaban jama'a. To wa zai dawo da wadda aka rataye?

Kada ki ce ai wannan zamanin da ne. A watan Yuli na 2020, a garin Kafaba da ke arewacin Ghana, an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 duka har ta mutu, bayan wata mai duba ta ce mayya ce. Mutane na tsaye suna kallo, har da masu ɗaukar bidiyo. A 2023 kotu a Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowaccensu. Mata ne suka kashe mace, alhali muna cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A gidajenmu ko ba a kai ga duka ba, aure nawa ya mutu, zumunci nawa ya yanke a kan “na gan ta a mafarki”? Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ina ga wanda aka gina a kan abin da ido ya gani tsakanin barci da farke?

Akwai kuma masu cin abinci da tsoronmu. A 1848 wasu 'yan mata biyu 'yan gidan Fox a jihar New York suka ce matattu suna yi musu magana ta hanyar ƙwanƙwasa. Suka yi suna, suka tara kuɗi, dubban mutane suka bi su. Bayan shekara 40, a 1888, ɗayarsu Margaret ta hau dandamali ta nuna wa jama'a cewa da yatsan ƙafarta take yin ƙarar. Namu bokayen ba su da bambanci. Ki je da ciwon kai, ya ce an binne miki abu a bakin ƙofa, kawo baƙin bunsuru, kawo turmin atamfa, daga nan sai 'yan kunnen gwal su bi. Bai taɓa tambayarki inda kuke ajiye janareta ba, don ranar da kika san dalili, ranar kasuwarsa ta watse.

Na san wata za ta ce, to yanzu kina nufin likitoci sun gama sanin komai? A'a. Ilimin ɗan Adam kaɗan ne, kuma gaibu na Allah ne. Za a iya bincika wani abin a rasa gane kansa. Amma rashin gano dalili yau ba ya zama hujjar cewa mamaci ne ya dawo, balle ya zama hujja a kan Ladidi ko Iya Tsohuwa. Ki auna hanyoyin biyu. Wadda ta buɗe taga ta je asibiti, ta kuma yi addu'o'inta na kwanciya, ko da aljanin ne me ta rasa? Wadda kuwa ta rufe ƙofa ta ce fatalwa ce, alhali guba ce, ta rasa komai. Ita ma 'yar bokon da ke dariya ba ta tsira ba. Duk macen da aka yi wa dariya sau ɗaya ba za ta sake faɗa ba, wajen boka za ta nufa, don shi ko ba komai yana saurarenta. Dariyarki ce ta kai ta.

Don haka in 'yar uwa ta zo miki da irin wannan magana, ki zaunar da ita, ki ba ta ruwa, ki ce na yarda kin ji abin da kika ji. Sannan ki yi tambaya a hankali. Barci kike ko farke? Kwana nawa rabonki da barcin kirki? Akwai wuta ko inji a kusa? Su yaran ma suna ciwon kai? Me ke damun zuciyarki kwanan nan? In ta fara kiran sunan wata, ki tare ta da lallashi, ki tuna mata akwai ranar da za a tsaya da wannan baiwar Allah a gaban Ubangiji. Mai dannau ta daina kwanciya rigingine, ta kwanta a gefenta na dama kamar yadda sunna ta koyar, ta samu barci isasshe, in abin ya zo ta tuna minti kaɗan ne, ta yi ta numfashi a hankali tana ƙoƙarin motsa yatsa. In ya yawaita ta ga likita.

Mu iyaye mata kuma mu ji tsoron Allah a kan yaranmu. “Ga fatalwa nan, ga dodo nan” da muke yi don yaro ya yi shiru, shi ne yake girma da shi, ya zama magidanci ba ya iya fita fitsari da daddare. Rashin sani ya fi dare duhu, kada mu zama mu ne masu kashe musu fitila. Matattunmu addu'a suke buƙata daga gare mu da sadaka, ba su da lokacin tsorata kowa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare harsunanmu daga ƙazafi. Wadda ta karanta ta karanta wa wadda ba ta iya ba, musamman kafin hunturu ya shigo. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.